Yadda ake buga ɓ, ɗ da ƙ a kwamfuta ba tare da sun rikiɗe a hanya ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Hausa ne a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye a ƙasar Ringim. Na buga tambayoyin jarrabawa a laftof ɗin makaranta, komai daidai, na zuba a filash na kai gari ranar kasuwa a fitar mini. Da takarda ta fito, duk inda na sa ƙ sai ga }, inda na sa ɗ sai ga ]. Ƙanena da ke da Mac ya buɗe, shi ma haka ya gani. Ina matsalar take? Kuma yaya ake buga waɗannan haruffa a Windows da Mac da waya yadda ba za su lalace ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira.

Na daɗe a shagon buga takardu, kuma abin nan da ya same ka kusan duk ƙarshen zango sai na gan shi. Malami ya yi sammako ya hau babur, ya iso da filash a aljihun gaba, an tayar da janareta, an fitar da kwafi sittin kafin wani ya ɗaga takarda ɗaya ya karanta, sai a ga "Kawo karin magana biyar masu ]auke da kalmar }asa." Daga nan sai musu ya kaure. Malam ya ce firinta ce ta lalace, yaron shago ya ce filash ce ta kwaso cuta. Duk cikinsu babu mai gaskiya, kuma babu mai laifi.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane maɓalli ka danna, lamba take ajiyewa. Abin da ake kira font shi ne rigar da ake sa wa lambar don ido ya gane ta. A shekarun 1990, lokacin da kwamfutocin da ke hannun mutane ba su da haruffanmu masu ƙugiya, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera wa Hausa font ɗinta, kuma da irin wannan aiki aka buga littattafai da kundayen bincike masu yawa. Dabarar irin waɗannan font ita ce a nemi alamar da Bahaushe ba ya bukata sosai, kamar } ko ] ko ~, a ɗinka mata rigar ƙ ko ɗ ko ɓ. Wasu kuma q da x da v suka ara. To irin wannan font ne a laftof ɗin makarantarku. A can, alamar } tana sanye da rigar ƙ, kana ganin ta tsaf. Da ka zuba fayil ɗin a filash, lambar ce ta taho gari, rigar ta kwana a ƙauye. Kwamfutar shago ba ta da wannan font, sai ta sa wa lambar rigarta ta asali, ta nuna maka } ɗin da dama can ita ce ka buga. Zanin aro ba ya rufe katara. Haka ta faru a Mac ɗin ƙanenka, haka kuma za ta faru in ka kwafi rubutun ka tura a WhatsApp.

Waɗancan font sun yi mana rana, ban raina su ba. Amma yau ba a bukatar aro, domin tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991 kuma yau duk kwamfuta da waya ke tafiya a kansa, ya ba kowane harafinmu lambar kansa. Ƙaramin ƙ lambarsa 0199, babban Ƙ 0198. Ƙaramin ɗ 0257, babban Ɗ 018A. Ƙaramin ɓ 0253, babban Ɓ 0181. Har ƴ ɗin da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y yana da tasa, 01B4, babbansa 01B3. Rubuta lambobin nan a bayan littafin shirin darasinka, za su yi maka amfani ranar da ka zauna a kwamfutar da ba taka ba. Duk hanyoyin da zan kawo, manufarsu ɗaya ce: abin da zai shiga fayil ya zama ƙ na gaskiya mai lambarsa.

Mu fara da Windows, tunda ita ce a hannunka. Mutane da yawa ba su san cewa Windows tana da kibod ɗin Hausa a cikinta ba, kunna shi kawai ake yi. A Windows 10, shiga Settings, sai Time & Language, sai Language, sai Add a language, ka rubuta Hausa ka zaɓa. A Windows 11 wurin ana kiran sa Language & region. Za ta tambaye ka ko a sauko da ƙarin kaya, har da mayar da fuskar kwamfutar gaba ɗaya Hausa. Cire alamar da ke kansu, kada ka ƙona datarka, kibod kawai kake so. In tsohuwar na'ura ce mai Windows 7, waɗanda har yanzu suke cike a makarantunmu, hanyar ta Control Panel ce, sai Region and Language, sai Keyboards and Languages, sai Change keyboards, sai Add.

Bayan haka, dubi ƙasan allo daga dama kusa da agogo, za ka ga ENG. Riƙe maɓallin Windows ka taɓa sandar tazara, zai koma Hausa. A Windows 7 kuwa Alt na hagu da Shift ake haɗawa. Yanzu riƙe Alt na dama, na dama fa, wanda a wasu na'urorin aka rubuta wa AltGr, ka danna k. Ga ƙ. Haka d, haka b, haka y. In babban harafi kake so, ƙara Shift a kai. Kwana uku na farko yatsanka zai riƙa tuntuɓe, daga nan sai ka ga kana buga Haɗeja da Ɗambatta da Ƙaraye ba ka ma duba hannunka ba. Kuma yana aiki ko'ina: Word, Excel, Facebook, sunan fayil. In kana son ganin inda kowane harafi yake, danna Windows da R, ka rubuta osk, kibod zai fito a kan allo, ka taɓa AltGr ɗinsa ya nuna maka. Wani abu kuma, yawancin laftof ɗinmu 'yan gwanjo ne, wasu na Ingila wasu na Amurka, kuma jerin alamominsu ya bambanta. In ka sauya kibod ka ga @ ta bar inda ka saba samun ta, ba lalacewa ba ce. Duba kan lamba 2, ko ka koma ENG ka buga ta ka dawo.

Sai ranar da kake zaune a kwamfutar shago, mai shago ya ce kada a taɓa masa saiti. A nan lambobin nan ke shigowa. A cikin Word, buga 0199, ka riƙe Alt ka danna X, lambar za ta rikiɗe ta zama ƙ nan take. Amma akwai tarko, kuma ya kama ni fiye da sau ɗaya. Lambobin nan ba 0 zuwa 9 kaɗai ba ne, haruffan a, b, c, d, e, f ma lambobi ne a wannan lissafin. Saboda haka in za ka rubuta "baƙo", ka buga ba, ka bi shi da 0199, Word zai haɗa har da b da a ɗin ya ɗauka duk lamba ɗaya ce, sai ya ƙi, ko ya fito maka da wani abin da ba ka taɓa gani ba. Hausa kuwa cike take da a kafin harafi mai ƙugiya: faɗa, taɓa, saƙo. Maganinsa, sa U+ a gaban lambar, wato baU+0199, sannan Alt da X. Ko ka zaɓi lambobin huɗu da linzami kafin ka danna. LibreOffice ma yana karɓar wannan dabara. Da ita ce kuma ake fitar da alamar naira: 20A6 sai Alt da X, ga ₦, maimakon N ɗin nan da ake ja wa layi biyu a rasit.

Za ka ji wasu suna cewa a riƙe Alt a buga 0409, wato 0199 ɗin nan a lissafinmu na yau da kullum, a samu ƙ. Gaskiya ne, amma da sharaɗi biyu. Na farko, sai da lambobin gefen dama na babban kibod, lambobin layin sama ba sa yi, yawancin ƙananan laftof kuwa ba su da na gefen. Na biyu, Word ya san lambar da ta wuce 255, amma wurare da dama ba su sani ba. Sai su cire 256 daga 409, saura 153, su ba ka alamar da ke wannan lamba, wato ™. Ƙaramin ɗ 0599 ya zama W, ɓ 0595 ya zama S. Ni ba na koya wa yarana wannan hanya, wahalarta ta fi amfaninta.

In aikinka duk a Word yake, kana iya ɗaura wa kowane harafi gajeriyar hanya. Shiga Insert, sai Symbol, sai More Symbols. A nan mutane ke gajiya su ce haruffan ba su cika ba, domin ba a unguwa ɗaya suke zaune ba. Ƙ, ƙ, Ɗ, Ɓ da ƴ suna rukunin Latin Extended-B, amma ƙananan ɗ da ɓ sai ka gangara rukunin IPA Extensions. In ka samu harafin, danna Shortcut Key ka ba shi maɓallan da kake so. Kauce wa Ctrl da B, da Ctrl da D, da Ctrl da K, dukkansu da aikinsu: na farko kaurara rubutu, na biyu buɗe akwatin font, na uku saka mahaɗin intanet. Abin da ba zan ba ka shawararsa ba shi ne ka sa Word ya riƙa gyara maka kalmomi da kansa, ya mayar da duk "kasa" ta zama "ƙasa". Kai malamin Hausa ne, ba sai na faɗa maka ba: wanda ya kasa ba shi ne ya faɗi ƙasa ba, koko daban ƙoƙo daban, kuma ranar da na'ura ta mayar maka da "bari" ya zama "ɓari" a wasiƙar da za a kai wa iyayen yara, ka shiga uku.

Akwai ɗan ƙaramin abu da ke ɓata mini rai a takardu da yawa, har da na manyan ofisoshi. In ka buga 'yan ko 'ya'ya a Word, yana ɗauka za ka buɗe zance ne, sai ya juya alamar ta koma ‘yan, kanta a ƙasa, alhali ’yan ake so. Da zarar ka ga ta juya, danna Ctrl da Z sau ɗaya, za ta miƙe. Ko ka buga alamar sau biyu ka goge ta farko.

Ƙanenka mai Mac ya shiga System Settings, sai Keyboard, sai wurin Input Sources, ya danna alamar ƙari. Ya fara neman Hausa, in ya same ta a jerin, shi ke nan. In tasa tsohuwa ce, ya ɗauki ABC – Extended. Da wannan, sai ya haɗa Option da Shift da maɓallin aya, ya saki, sannan ya danna k ko d ko b ko y, ƙugiyar ta hau. A wurin dai akwai Unicode Hex Input, wanda da shi ake riƙe Option a buga lambobin nan huɗu, 0199, harafin ya fito ba tare da tarkon da na ce yana Word ba. In kuma sau ɗaya kawai yake bukata, Control da Command da sandar tazara suna buɗe masa taskar alamomi. Ka gaya masa kada ya gwada Alt da lambobin Windows a Mac, ba ta san su ba.

Linux ba shi da yawa a wajenmu, sai dai jefi-jefi a hannun ɗaliban kwamfuta ko na'urorin da wata ƙungiya ta raba. A Ubuntu, wato wani nau'in Linux, haɗa Ctrl da Shift da U, za ka ga ƙaramin u mai layi a ƙasa, buga 199 ka danna Enter. Chromebook ma haka. Akwai kibod ɗin Hausa a jerin Ubuntu, na Nijeriya da na Gana, amma ka duba hotonsa kafin ka fara, domin yana sauya wa wasu maɓallai wuri. Wanda kuma yake tsalle tsakanin na'urori iri-iri, yana son hannunsa ya saba da hanya ɗaya, ya nemi manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux da wayoyi, sai ya sauko da kibod ɗin Hausa a cikinta.

Waya ta fi komai sauƙi. A Android, wasu wayoyin suna zuwa da nasu kibod wanda bai san Hausa ba, sai ka sauko da Gboard ranar da ka shigo gari ka samu sabis mai ƙarfi. Shiga saitinsa, sai Languages, sai Add keyboard, ka zaɓi Hausa. Daga nan danna k ka ɗan riƙe, ƙ zai leƙo. SwiftKey ma yana da Hausa. A iPhone, tun daga iOS 17 da aka fitar a 2023 akwai kibod ɗin Hausa: Settings, General, Keyboard, Keyboards, Add New Keyboard. Na san malamai da yanzu a waya suke buga jarrabawarsu da daddare, su turo mini, ni in jera in fitar, kuma haruffansu ba sa taɓa lalacewa, domin waya ba ta san aron riga ba. Da wannan sauƙin ne na daina ba wa masu rubuta "qasa" da "xaya" da "k'asa" uzuri. A hirar abokai, to, kowa da ra'ayinsa. A takardar da yaro ɗan aji ɗaya zai koyi ƙa'idar rubutu daga gare ta, a'a.

Wuri ɗaya ne zan ce ka yi lissafi kafin ka sa ƙugiya, shi ne saƙon tes. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 in duk haruffan Turanci ne. Da ƙ guda ɗaya ya shiga, wayar za ta sauya tsarin saƙon gaba ɗaya, iyakar ta faɗo zuwa 70. Sanarwar taron iyayen yara da za ta tafi a saƙo ɗaya sai ta zama uku, ka ninka da yawan iyaye ka ga kuɗin. Ga shi kuma dattijon da ke riƙe da 'yar ƙaramar waya mai tocila yana iya ganin akwati a wurin harafin.

Yanzu tsofaffin takardunka, don na san ba jarrabawa ɗaya ce a laftof ɗin nan ba. Ba sai ka sake buga su ba. Yi kwafin fayil ɗin tukuna ka ajiye gefe. Buɗe ɗayan, danna Ctrl da A ka zaɓi komai, ka mayar da font ɗin Times New Roman don alamomin aro su fito fili. Sai Ctrl da H. A layin sama sa }, a na ƙasa sa ƙ na gaskiya, ka danna Replace All. A takardun da suka fi zuwa hannuna, { shi ne Ƙ, ] shi ne ɗ, [ shi ne Ɗ, ~ shi ne ɓ, | kuma Ɓ, amma ka tabbatar da idonka a taka takardar. Ka duba kuma babu alama a kan Use wildcards, in ba haka ba Word zai ɗauki waɗannan baka-bakan a matsayin umarni. Sau shida za ka yi, minti biyar bai cika ba.

In takardar irin mai q da x da v ce, sai an ƙara kula. Sa alama a kan Match case, ka yi ƙananan haruffa daban, manya daban. Sannan ka tuna cewa ba kowane v ne ɓ ba. Na taɓa yi wa wani malami wannan gyara cikin gaggawa, ana kiran sallar Azahar, na danna Replace All na miƙe. Da na dawo na fitar, sai ga tambayoyi an jera su i, ii, iii, iɓ, ɓ, ɓi, ta goma kuma ta zama ɗ. Da hannu aka buga lambobin Romawan, na'ura kuwa ba ruwanta. Rim guda ya kusa tafiya. Tun daga ranar, in akwai irin waɗannan lambobi ko kalmomin Turanci a ciki, ɗaya bayan ɗaya nake bi da Find Next.

Ko da harafin na gaskiya ne, wani font ɗin ba a ɗinka masa rigarsa ba. Alamar haka, ka ga akwati, ko ka ga ƙ ya fi sauran haruffan kalmar siranta ko tsayi kamar baƙo a cikin dangi, domin Word ya aro shi daga wani font. Font ɗin kwalliya na katin biki su suka fi yin haka. Times New Roman da Arial da ke zuwa da Windows 7 zuwa sama suna da su duka. Ga yara masu koyon karatu ina son Andika, shi ma na SIL ne kuma kyauta, an zana shi ne musamman don masu fara karatu. In kuwa wata rana ka ga Æ™ a wurin ƙ, ko É— a wurin ɗ, wannan wata cuta ce daban: an ajiye fayil da tsarin UTF-8, an buɗe shi da tsohon tsari. Yana yawan faruwa da jerin sunayen ɗalibai. A Excel zaɓi CSV UTF-8 wajen ajiyewa, a Notepad ma ka tabbatar UTF-8 ne. In ka ajiye da ANSI haruffan suka koma alamar tambaya, waɗannan sun tafi, sai an sake bugawa.

Ga jarrabawar da ke gabanka, in lokaci ya ƙure ba ka samu yin gyaran ba, akwai mafita ta yau. A laftof ɗin makaranta, inda font ɗin yake, shiga Save As ka zaɓi PDF, wanda daga Word 2010 zuwa sama yana nan a jerin. PDF yakan tafi da rigarsa, shi ya sa takardar za ta fito daidai a shago ko da tsohon font ne. Sai dai a ƙarƙashi } ɗin tana nan, in wani ya kwafi rubutun ko ya nemi kalmar "ƙasa" a ciki ba zai same ta ba, don haka gyaran yana jiran ka lokacin hutu. Kafin ka hau babur, tura PDF ɗin wayarka ka buɗe ka karanta. In ka iso shago, ka ce wa yaron ya fitar da kwafi ɗaya tak, ka duba shafi na farko da na ƙarshe, sannan a saki sauran.